Azumin da Muka Shafa wa Lemo Ƙaro

Azumin bana ya hana ni zama wuri ɗaya. In na zauna a ɗaki zufa ta koro ni, in na fito baranda ƙarar janareton maƙwabta ta mayar da ni ciki. Kullum bayan azahar hadari yake haɗuwa ta wajen unguwar Mokola, ya yi baƙi ƙirin har mutum ya ruga ya kwashe shanya, sannan ya watse ko ɗigo babu. Wuta kuwa tun da aka ga wata take mana wasan ɓuya. Firijin da nake taƙama da shi ya koma kabad, lemon da na saya don buɗa baki ya fara laushi tun ba a je ko'ina ba.

Ina cikin wannan mita sai ga autata Maryam, wadda ke karatun aikin gona, ta zo hutun ƙarshen mako da wata 'yar roba a jaka.

"Umma, kawo lemon nan in gwada miki project ɗina," in ji ta. "Ƙaro ne da ruwan ganyen zogale. In kika shafa wa tumatir ko mangwaro, sai ya daɗe bai lalace ba. No chemical, wallahi."

Na tsoma yatsa, na murza, ya yi danƙo. Na kai hanci. Sai na nemi kujera na zauna. Ita ta ɗauka mamakin iliminta ne ya kama ni, har tana wani ɗaga kafaɗa. Na ƙyale ta da jin daɗinta. Azumi zagaye yake yi, yakan ɗauki shekara talatin da wani abu kafin ya dawo lokacin da ya taɓa samun mutum. Bana ya dawo daidai inda ya same ni ina amarya, cikin irin wannan zafi mai danshi na gab da faɗuwar damina, kuma ga warin ƙaro a yatsana.

Ni haifaffiyar Sabo ce, unguwar Hausawa a Ibadan. A nan aka binne cibiyata, a nan na yi makarantar allo da ta boko, Yarbanci kuwa a bakina kamar ruwa. Arewa a wajena wuri ne da motocin albasa ke fitowa. Maigidana, Malam, wanda yanzu haka yake kishingiɗe a falo yana fifita da kwali, shi daga wani ƙauye na ƙasar Gumel ya zo. Ya yi shekaru yana yi wa wani dillalin kayan gwari hidima a kasuwar Shasha, har ya gaji da zama yaron wani. Muna zaune a gidan haya mai ɗakuna a jere, kwanon rufinsa ya yi tsatsa, rijiya ɗaya a tsakar gida. Gidan mahaifiyata kuwa yana bayan layinmu. In tana daka ina jin tashin taɓaryarta daga ɗakina, har ina iya gane ko ranta a ɓace yake.

Shekarar ta zo da wuya. Mai ya yi ƙaranci, motoci suna kwana a layi, kayan abinci daga Arewa sai sun ga dama suke isowa. Gero ya fi ƙarfinmu, kunun ma na masara muke damawa, tsararo. A cikin wannan hali ne Malam ya tattara duk abin da ya mallaka, ya shiga ƙauyukan bayan Akinyele, ya sayo lemon ƙarshen kaka, a-kori-kura guda cike taf. Dabararsa ita ce ya ɓoye shi har goman ƙarshe na azumi, lokacin da lemo ke ɓacewa a kasuwa kuma kowane mai azumi bakinsa na nema. Ya kama wani ɗaki da ba kowa a ƙarshen gidanmu, aka jibge lemon a ciki.

Ran da aka sauke, ya wanke hannu, ya zauna a bakin gado, ya faɗi maganar da ta hana ni sukuni har ƙarshen watan.

"Rabi, wannan shi ne gwajina na ƙarshe a garin nan. In ya yi, mun zauna. In bai yi ba, bayan Sallah sai gida. Gonar mahaifina tana can ciyawa na ci, Inna kuma ita kaɗai ce."

Gida! Gidan wa? Ni da ban taɓa surfe ba, ban san yadda ake jan guga a rijiya mai gaba ashirin ba. Ni da in na kwana ɗaya ban leƙa mahaifiyata ba sai ta aiko a duba ko lafiya. Na ce masa, "Allah Ya sa albarka," don abin da ake faɗa ke nan. Amma tun daga ranar na koma kallon ɗakin nan na ƙarshen gida kamar a ciki aka ajiye raina.

Ana gobe za a duba wata sai ga Inna, mahaifiyarsa, ta sauka daga gaban wata motar albasa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, busasshiya, idonta ɗaya ya fara yana. Ta zo yi mana azumi, da ƙullin kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya, da wani babban ƙulli na ƙaro da take kawo wa masu tawadar allo tsaraba. Malam ɗanta ne na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido da ido. "Wancan" take ce masa. Ni kuma "'yar nan."

Da aka buɗe mata ɗakin lemo, ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ta ɗauki ɗaya ta matsa.

"Wancan ba shi da hankali," ta ce, tana fuskantar bango. "Haka ake barin ɗanyen abu a buɗe? Kafin goma ga wata duk sun yamushe, sun zama kamar gwiwar tsohuwa. 'Yar nan, ɗauko daro."

A garinsu ita ce gwanar ajiya. Lemon tsami da tumatir da ake kawowa daga fadama, takan shafe su da ruwan ƙaro, ta lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, su kai lokacin da na kowa ya ƙare. Har daga wasu ƙauyuka mata ke zuwa koyo. Malam da jin haka ya washe baki, ya ce Allah ne Ya kawo ta.

Da azumin farko muka fara. Bayan sallar asuba, maimakon a koma barci, sai a fito da ƙaron da aka jiƙa tun jiya. Inna ta dama shi da hannu har ya narke, mu tace da tsohon ɗankwali don cire ɓawon itace da yashi. Matan gidan suka fito taya mu, kowa da kujerarta 'yar tsugunno. Wannan ta tsoma lemo, waccan ta karɓa ta juya, ta gaba ta kai ɗaki. Hannuwanmu suka yi danƙo, zani ya manne a cinya, ƙudaje suka yi mana rubdugu. Kafin rana ta take, maƙogwaro ya bushe, ga ƙamshin ɓawon lemo yana shiga hanci, ba halin lasa. Wata maƙwabciyarmu ta ce wannan ba aiki ba ne, jarrabawar imani ce.

Har nan ban ga laifin komai ba. Lemon ya yi sheƙi, gwanin sha'awa. Abin da ya biyo baya ne ya tayar mini da hankali. Inna ta sa aka tara shi tuli guda a lungu tun ƙaron bai bushe ba. Ta sa Malam ya kawo buhunan algarara, ta jiƙa su sharkaf, ta lulluɓe tulin. Ta rufe taga, ta cusa tsumma a duk wata kafa da iska za ta iya bi. Sannan ta kafa doka, kullum da safe za a yayyafa wa buhunan ruwa, kuma ba mai buɗe ƙofar sai ita.

"Iska ce abokiyar gaba," in ji ta. "Ita ke tsotse ruwan abu."

A Gumel gaskiya ta faɗa. Can iskar bazara in ta bugi ɗanyen ganye da hantsi, kafin la'asar ya zama na kaɗi. Amma nan Ibadan ne, garin da gishiri ke narkewa a cikin gwangwani, burodi ya yi gemu in ka juya baya, takalmin da ka manta a ƙarƙashin gado ya fito da kore a jiki. Na san haka tun ban san sunana ba. To amma amarya ce ni, wata nawa da aure? Na buɗe baki in ce wa surukata ba ta iya abin da aka san ta da shi ba?

Na lallaɓa na sami Malam yana alwala.

"Malam, ruwan nan da ake zubawa, anya? Garin nan ba ya son a rufe abu da danshi fa."

"Rabi ke nan. Inna tana wannan aiki tun ba a haife ki ba."

"A can take yi, ba a nan ba."

"Lemo dai lemo ne ko a ina," ya ce, ya shafa kai ya wuce masallaci.

Daga nan zuciyata ta fara kawo mini abubuwa. Tsohuwar nan tana son ɗanta ya koma gida, kowa ya sani ko ba ta faɗa ba. In lemon ya ruɓe, wa ya ci riba? Sai in ga tana yayyafa ruwa da safe tana 'yan waƙe-waƙenta, in ji kamar in fizge kwanon. Ban faɗa wa kowa ba, amma na zarge ta, kuma duk wadda ta tsaya inda na tsaya da ta zarge ta.

Kwanakin suka yi ta ja. Sama ta ƙi zubar da ruwa, ta kuma ƙi yin haske. Zafin ba irin na rana mai ƙuna ba ne, irin wanda ke lulluɓe mutum ne kamar an kife shi da tukunya. Kwanon rufi yana ƙas-ƙas da tsakar rana. Rijiya ta ja baya, guga sai ya kankaro laka. Ƙuraje suka feso wa yaran gidan a wuya. Ni kuwa na kasa zama. In ɗora tukunya, in je in wuce ta ƙofar ɗakin lemo ina shaƙar iska. In dawo in fara gyaran wake, in bar shi, in sake komawa. In kai kunne jikin ƙofa, kamar lemo zai yi magana. Mahaifiyata ta ce in na ci gaba da haka zan rame kafin a kai rabi, na ce ai na riga na rame.

Yanzu in an sha ruwa, 'ya'yana sai sun jera kankana da abarba da ƙosai da lemon kwalba mai sanyi, su kuma ce ba abin ci. Mu a shekarar nan dabino ɗaya ake rabawa biyu. Sai kunun masara, sai teba da miyar kukar da Inna ta kawo, ba nama sai ƙamshin daddawa. Ga lemo cike da ɗaki, an hana kowa taɓawa.

Ruwan farko ya sauko ne wajen tsakiyar wata, da la'asar sakaliya. Iska ta fara zuwa, ta kwashi ledoji da ƙasa ta watsa mana a ido, ta ɗaga kwanon wani gida ta jefa a layi. Sannan ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Muka fito da duk abin da zai iya tara ruwa, daro da bokiti da tukwane. Yara suna tsalle tsirara, kwata ta cika ta tumbatsa. Na tsaya a ƙarƙashin indararo ruwa na dukan bayana, bakina a rufe gam don kada azumi ya karye, na ji daɗin da na daɗe ban ji ba.

Washegari rana ta fito da ƙarfinta, ƙasa ta fara tururi. A nan ne warin ya fito. Ba sai na kai hanci jikin ƙofa ba, shi ya biyo ni har madafa, wari mai zaƙi-zaƙi da tsami, mai tayar da zuciya. Inna ma ta ji. Ta zo da kwanon yayyafinta, ta tsaya, ta ajiye shi a ƙasa. Ta buɗe ƙofa, wani zafi ya bugo mu, ƙananan ƙudaje suka tashi. Ta yaye buhu. Saman tulin ya yi fari da kore, fumfuna ta haɗe lemon da juna. Ƙaron bai taɓa bushewa ba, ya koma yauƙi. Ta cusa hannu tsakiya, yatsunta suka nutse.

An aika Shasha aka kira Malam. Ya zo ya leƙa. Ya daɗe a tsaye, sannan ya juyo ya dube ni.

"Shi ke nan. Sai ki fara haɗa kayanki a hankali."

Na shiga ɗaki na kifa kai a gado, na yi kuka mai isata. Haushin Inna nake ji, da haushinsa, da haushin lemon kansa. Can na ji motsi a bakin ƙofa. Inna ce a tsugune, hannunta har yanzu da ruɓaɓɓen lemo, ba ta ko wanke ba. Fuskarta ta zube. Duk wanda ya ga fuskar nan ya san ba ta mai murna ba ce.

"'Yar nan," ta ce, muryarta can ƙasa. "Na kashe masa dukiya. A garinku yaya ake yi?"

Tsohuwar da mata ke zuwa koyo wajenta daga wasu ƙauyuka, ita ce take tambayata. Zargin da na yi ta goyo tun farkon wata ya sauka nan take, sai tausayi ya maye gurbinsa. Na tashi na share ido. Gaskiya ni ban san yadda ake yi ba, abin da ba a yi kawai na sani. Amma na san wadda ta sani, Iya Sikira, wata Bayarbiya mai sayar da lemo a Mokola, ƙawar mahaifiyata tun suna 'yan mata.

A lokacin, matan aure a Sabo ba sa fita da rana haka kawai. Inna ta yafa mayafi ta ce, "In wancan ya tambaya, ni na fitar da ke." Muka ratsa taɓo da kwatoci, tana riƙe da gefen mayafina saboda motoci suna ba ta tsoro.

Iya Sikira na ganinmu ta tafa hannu. "Rabi, omo mi! E ku ongbe o, sannu da azumi. Wannan mama na miji ne?" Na ba ta labari da Yarbanci. Ta dafe kai ta yi salati, ta juya ga Inna da guntuwar Hausarta ta kasuwa.

"Mama, ka zuba ruwa? Ka rufe taga? Ah! Lemo yana so iska, kamar mutum. Ka rufe mutum a ɗaki da ruwa, ba ya mutu?"

Inna ta haɗiye wannan. Amma da Iya Sikira ta ce a wanke danƙon nan a zubar, wai shi ya jawo masifa, sai tsohuwa ta ɗago kai.

"Gaya mata ƙaro ba shi da laifi. Ni ce ban bar shi ya bushe ba. In ba ƙaro, iskar da take yabo za ta tsotse su kafin Sallah."

Na fassara. Iya Sikira ta ce ita ba ta san wani ƙaro ba, abin da ta gada shi ne a dafa ganyen dogon yaro a wanke lemo da ruwan, a shanya, kada ɗaya ya taɓa ɗaya. Inna ta ce darbejiya ai a hatsi ake sa ta don ƙwari. Suka yi ta ja-in-ja, ni a tsakiya ina juya harshe har kaina ya yi ciwo, ga ƙishirwa. A ƙarshe ba wadda ta sallama. Sai muka dawo gida da shawarar yin duka biyun.

Aikin da ya biyo baya ya ninka na farko. Muka fito da tulin gaba ɗaya tsakar gida. Wanda ya ruɓe a zuba a baro a kai bola, kuma baro ya yi ta zirga-zirga har na daina kallo don kada zuciyata ta tsinke. Wanda ya ɗan taɓu a ware gefe. Mai lafiya a wanke shi da ruwan darbejiya da aka dafa ya huce, a goge da tsumma, a shanya a inuwa inda iska ke bi. Ɗacin ganyen ya kama hannuwanmu, ko an sha ruwa ka kai loma baki sai ka ji shi. Bayan ya bushe sarai, Inna ta dama ƙaro tsararo, ba kauri irin na da ba, ta shafa wa kowane ɗaya da tafin hannunta, a sake shanyawa har ya daina kama yatsa.

Wurin jerawa ya zama wata rigima. An wanke ɗakin da toka, an ɓalle tagar gaba ɗaya, amma lemon da ba a tara shi ba wuri yake ci. Muka cire katifa, muka jera a kan katakon gadonmu. Maƙwabta suka ba da benci da tabarmi da faranti. Mahaifiyata ta aiko da tsohuwar ƙofa aka ɗora a kan bulo. Duk inda ka juya a gidan nan lemo ne a jere, ɗaya nesa da ɗaya, mutum sai ya yi tafiyar sanɗa kafin ya kai bayi. Waɗanda suka ɗan taɓu kuwa aka sakar mana su. Muka sha lemo a buɗa baki, muka sha a sahur, muka raba wa layi, har haƙora suka mutu, har yau ban cika marmarinsa ba.

Inna ta hana kanta hutu. Da gari ya waye za ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana juyawa. Da yake idonta ba ya gani sosai, da hanci da yatsa take aiki, ta shinshina, ta latsa gindin, in ta ji alamar laushi ta fitar da shi tun bai shafi na kusa ba. In iska ta tsaya cak da rana, ta ɗauki faifai ta zauna tana yi musu fifita, ita kuwa zufa na bin wuyanta. Wata rana jiri ya kwashe ta, na tare ta, na roƙe ta ta ajiye azumin ko ta bar aikin. Ta ce ba ta ajiye ko ɗaya. Ni ma ban zauna ba. Duk hadarin da ya taso sai mun yi gudun kwashe na waje, duk safiya sai na tashi da fargabar warin nan. Malam kuwa ya daina magana a kan lemo, ya kuma daina magana a kan tafiya, shirun nasa ya fi komai cin raina.

Da goman ƙarshe ta shigo, abin da ya tsira bai kai rabi ba. Amma ya tsira da kyau, fatarsa sumul, nauyinsa na nan, ga kasuwa ba lemo kamar yadda ya hanga. Ya kwashe ya sayar kafin jajibere. Abin da ya dawo da shi ba za a ce riba ba, ba kuma za a ce an tashi a tutar babu ba. Da a ce ya faɗi warwas da na san matsayina, da ya ci riba da na yi barci. Wannan tsaka-tsakin ya bar ni ina lilo. Na yi kitson Sallah ban san ko shi ne na ƙarshe a hannun makitsiyata ba. Na fara naɗe kwanukan jerena a tsumma, in naɗe in kwance.

Washegarin Sallah da hantsi, Inna tana ɗaure ƙullinta don motar da za ta koma da ita ta samu. Malam ya zo ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Inna, ki yi gaba. In na sallami mai gidan haya, muna nan tafe kafin shuka."

Ina bayan labule ina jin su. Inna ba ta juyo ba, ta ci gaba da ɗaurinta.

"Wa ya kira ka? Kai ka ce in bai yi ba za ka koma. To ai bai ƙi yi ba. Hannuna ne ya ɓata shi, ba garin ba. Wanda aka yi masa daidai ka ga yadda ya yi. Ka zauna ka sake gwadawa baɗi. Gona kuwa akwai masu aro."

"Inna, ke kaɗai ce fa."

"Yau na fara zama ni kaɗai? Tashi ka nemo mini mai ɗaukar kaya."

Da ya fita ta kira ni. Ta tura mini ragowar ƙaron, ta riƙe hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba.

"'Yar nan, na ga yadda garinku ya mayar da ni, da tsufana, ban san komai ba. Ke ma haka namu zai yi miki, ga shi ba uwarki kusa. Zauna abinki." Ta ɗan yi dariya. "Har na sa an yi wa wani ɗaki yaɓe, an sake masa jinka, wai ko za ku zo. Ba komai, sai in zuba gyaɗata a ciki."

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Motar ba ta bar Sabo ba na ruga bayan layi na faɗa jikin mahaifiyata. Muka zauna. Malam ya sake gwadawa, ya yi, ya kuma yi, har ya kama rumfarsa a Shasha. Kullum cewa yake in kasuwa ta lafa za mu je mu yi mata wata guda, kasuwa kuma ba ta lafa ba. Shi yakan leƙa ya kwana biyu ya dawo. Ni ga goyo, ga ciki, ga nisan hanya, ban taɓa zuwa ba.

Zuwana na farko ƙauyen, ta'aziyyarta ce ta kai ni. Bayan an watse daga addu'a, wata tsohuwa maƙwabciyarta ta kama hannuna, ta ce, "Ke ce ta Ibadan? Zo ki ga ɗakinki." Ta kai ni wani ɗaki a gefen na Inna, ta ture asabari. Yaɓensa lafiya lau, daɓen ƙasa a share tas, sabuwar tabarma a naɗe a jingine, randa a lungu da murfinta.

Na ce, "Ba a nan take zuba gyaɗa ba?"

"Gyaɗa? Ko ƙwaya ba ta taɓa shiga nan ba. Kullum da safe sai ta share shi, ta sauya ruwan randa. In mun yi mata tsiya sai ta ce, baƙi ba sa sallama kafin su zo."

Na buɗe randar. Da sauran ruwa a ciki. Na zauna a ƙasan ɗakin, na yi kukan da ya fi wanda na yi ran da lemo ya ruɓe.